Shekara takwas a tsare ba shari'a: wa ke da alhakin abin da ya sami Babar Ahmad?

Bakatsine77:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon masana shari'a na wannan zaure su kwance mini wani ƙulli. Babar Ahmad ɗan Birtaniya ne, a Landan aka haife shi. An kama shi ranar 5 ga Agusta 2004 saboda Amurka ta nemi a miƙa mata shi, ba a ɗora shi a jirgi ba sai ranar 5 ga Oktoba 2012. Shekara takwas da wata biyu ke nan yana kurkuku, babu kotun da ta zauna ta saurari shaida a kan ya aikata ko bai aikata ba. Abin da ake zarginsa da shi, wato gudanar da shafin intanet na Azzam mai goyon bayan mayaƙan Checheniya da Taliban, daga Landan aka yi shi. Abin da Amurka ta riƙe shi ne ɗaya daga cikin na'urorin da ke ɗauke da shafin tana jihar Connecticut. A ganina yarjejeniyar miƙa waɗanda ake tuhuma ta 2003 tsakanin Birtaniya da Amurka ce ta jawo wannan zalunci gaba ɗayansa. Ko akwai mai ganin ba haka ba?

Lauyan_Talaka:
Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa tambaya biyu a ƙwarya ɗaya. Me ya sa aka yarda a miƙa shi, wannan daban. Me ya sa aka daɗe, wannan ma daban. Yarjejeniyar tana da hannu a ta farko. A ta biyu kuwa sai mu ƙirga watanni.

Agusta 2004 aka kama shi. Mayu 2005 alƙali Timothy Workman na kotun majistare ta Bow Street ya tura maganar ga sakataren harkokin cikin gida. Nuwamba 2005 sakataren, Charles Clarke, ya sa hannu. Nuwamba 2006 babbar kotu ta yi watsi da ɗaukaka ƙararsa. Yuni 2007 majalisar dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ƙi ba shi izinin zuwa gabanta. Ka ga cikin gida bai cika shekara uku ba. Daga nan lauyoyinsa suka tafi kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg, ita kuma ta ce a dakata da miƙa shi har ta duba. Sai Yuli 2010 ta faɗi waɗanne ƙorafe-ƙorafe za ta saurara, sai 10 ga Afrilu 2012 ta yanke hukunci, sai 24 ga Satumba 2012 aka ƙi kai maganar babban zaurenta. Shekara biyar da wata uku a Strasbourg kaɗai.

Bakatsine77:
To ai ke nan laifinsa ne da ya yi ta ɗaukaka ƙara? Haka kake nufi, Barista?

Lauyan_Talaka:
A'a, ban ce haka ba. Ɗaukaka ƙara haƙƙinsa ne, kuma mutumin da lauyoyinsa suka gaya masa yana iya ƙare rayuwarsa shi kaɗai a ɗaki, dole ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Kotun da ta dakatar da tafiyar mutum tana sane yana tsare, ita ke da nauyin ta gaggauta. Shekara uku kafin a ce ma an karɓi ƙara ya yi yawa ƙwarai.

Gimbiyar_Zazzau:
Bari in ƙara wa Barista hujja. A jirage biyun da suka tashi daga sansanin Mildenhall a daren nan mutum biyar ne: Babar Ahmad, Talha Ahsan (wanda ake zargi tare da shi a kan shafin Azzam), Abu Hamza, Adel Abdul Bary da Khalid al-Fawwaz. Al-Fawwaz tun 1998 yake tsare, Abdul Bary tun 1999, a kan harin ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam. Su a ƙarƙashin tsohuwar dokar 1989 aka yi tasu, wadda ta wajabta wa Amurka ta kawo shaida. Majalisar dattawa ta gama da ƙararsu a Disamba 2001, amma sai 2008 sakataren cikin gida ya sa hannu. Na ukunsu, Ibrahim Eidarous, cutar sankarar jini ta kashe shi a 2008 ba a kai ga miƙa shi ba. Al-Fawwaz ya yi shekara goma sha huɗu. To in yarjejeniyar 2003 ce ke kawo jinkiri, me ya jinkirta waɗannan? Asali ma an yi dokar miƙawa ta Birtaniya ta 2003 ne don a rage irin wannan jan ƙafa.

MaiNazari:
Gaskiya ne Hajiya, amma kada mu wanke yarjejeniyar tas. Ga inda gizo ke saƙa. David Blunkett, sakataren cikin gidan Birtaniya, da John Ashcroft, babban lauyan gwamnatin Amurka, suka sa mata hannu ranar 31 ga Maris 2003. Sashe na 8 ya ce in Birtaniya ce ke neman mutum daga Amurka, sai ta kawo bayanin da zai ba da dalili mai tushe na gaskata cewa mutumin ya aikata laifin. Ba a rubuta irin wannan sharaɗi a kan Amurka ba in ita ce ke nema. Sannan Birtaniya ta fara aiki da sabuwar dokarta ranar 1 ga Janairu 2004, ta sa Amurka cikin ƙasashen da aka ɗauke wa kawo shaidar farko. Majalisar dattawan Amurka kuwa sai Satumba 2006 ta amince da yarjejeniyar, ta fara aiki a Afrilu 2007. Wato lokacin da aka gurfanar da Babar Ahmad a Bow Street, Amurka tana cin moriyar sassaucin da ita kanta ba ta riga ta tabbatar da yarjejeniyarsa ba.

Ku duba bambancin a aikace. Lotfi Raissi, matuƙin jirgi ɗan Aljeriya, an kama shi a Satumba 2001 ana cewa shi ya koyar da maharan 11 ga Satumba. Ya yi wata biyar a kurkukun Belmarsh. Da aka ce Amurka ta kawo shaida ta kasa, a Afrilu 2002 alƙali ya kori buƙatar. Wane alƙali? Timothy Workman ɗin nan dai. Shekara uku bayan haka, shi ne ya tura Babar Ahmad gaba, domin doka ta riga ta cire masa ikon tambayar ina shaida.

Ɗan_Damagaram:
Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla. In alƙali ba ya duba shaida, to me yake dubawa?

Lauyan_Talaka:
Ga yadda abin yake tafiya ga ƙasa irin Amurka. Buƙata tana zuwa ta hanyar diflomasiyya, sakataren cikin gida ya tabbatar takardun sun cika ya tura kotu. In abin na gaggawa ne ana iya kama mutum kafin cikakkun takardu su iso, yarjejeniyar ta ba da kwana 60 a kawo su. Alƙalin majistare, yanzu a kotun Westminster tunda an rufe Bow Street a 2006, zai fara da tabbatar da cewa wannan ɗin ne mutumin da ake nema. Sai ya duba ko abin da aka ce ya yi laifi ne a ƙasashen biyu, mai hukuncin ɗaurin aƙalla wata 12. A nan halin da aka bayyana ake dubawa, ko da sunan laifin ya bambanta. Sai shingaye: an taɓa yi masa shari'a a kan wannan abu? Ana nemansa ne don addininsa, launinsa, ƙasarsa ko ra'ayinsa na siyasa (sashe na 81 na dokar 2003)? Lokaci ya ja har miƙa shi ya zama zalunci (sashe na 82)? Lafiyarsa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa za ta ɗauka (sashe na 91)? Miƙa shi zai keta haƙƙinsa na ɗan'adam (sashe na 87)?

In ya tsallake waɗannan, takarda ta koma wurin sakatare, shi kuma abin da ya rage masa kaɗan ne: hukuncin kisa, da sharaɗin cewa ba za a tuhumi mutumin da wani laifi ba sai wanda aka miƙa shi a kansa, da ko wata ƙasa ce ta fara miƙo shi Birtaniya. Yana da wata biyu ya yanke. Wanda ake nema yana da kwana 14 ya shigar da ɗaukaka ƙara, kuma kotuna suna da tsauri a kan wannan wa'adi, mutane sun rasa damarsu saboda takarda ta makara. In komai ya ƙare, kwana 28 a tafi da shi.

Inda ya fi ciwo: wanda ake tuhuma a cikin gida da babban laifi akwai iyakar kwana 182 na tsare shi kafin shari'a, sai alƙali ya ga dalili zai tsawaita. Wanda ke jiran miƙawa ba shi da wannan iyaka. In an hana shi beli don tsoron zai gudu, yana nan har ranar da takarda ta ƙare tafiya.

Ɗan_Damagaram:
Na gode Barista, Allah ya ƙara basira. Ashe rashin iyakar nan ne tushen shekara takwas ɗin.

Alƙalamin_Kano:
Ina da gyara ga MaiNazari. A 2010 gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙali Scott Baker, aka wallafa rahotonsa a Oktoba 2011. Ya ce a aikace babu wani babban bambanci tsakanin abin da kowace ƙasa ke buƙata. Dalilinsa: kafin alƙalin Birtaniya ya ba da sammacin kama mutum sai an kawo masa bayanin da ya kai zato mai tushe, kuma takardar da Amurka ke aikowa ta riga ta bi ta hannun kotunta, inda tsarin mulkinsu ya ce sai da dalili mai ƙarfi. Ƙari a kan haka, ba Amurka kaɗai aka ɗauke wa shaidar farko ba. Kanada, Ostireliya da New Zealand suna ciki, haka ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Turai ta 1957, har da Rasha da Turkiyya.

MaiNazari:
Na san rahoton Baker, Malam. Amma kwamitin haɗin gwiwa na majalisa kan haƙƙin ɗan'adam a 2011, da kwamitin harkokin cikin gida a 2012, duk sun nemi a sake duba yarjejeniyar. Kuma ko da ma'aunin biyu ɗaya ne a takarda, ka tambayi kanka: lauyan wanda ake nema zai iya tsayawa ya ce wannan shaidar ƙarya ce, a kira wane mu yi masa tambayoyi? A Bow Street bayan 2004 ba zai iya ba. Abin da mai gabatar da ƙara na Amurka ya rubuta ya rantse a kai, shi ke nan.

Baban_Ummi:
Ku yi haƙuri, kuna ta kewaye tambayar da ta fi muhimmanci. Mutum yana unguwar Tooting ta Landan, kwamfutarsa tana Landan, 'yan sandan Landan suka shiga gidansa a Disamba 2003 suka kwashe kayan. Me ya hana a yi masa shari'a a Landan? Sun tsare shi kwana shida suka sake shi ba tuhuma. A wannan kamun ne aka lakaɗa masa duka, har a 2009 rundunar ta amsa laifi a babbar kotu ta biya shi fam 60,000, ko da yake 'yan sanda huɗun da aka gurfanar daga baya an wanke su a 2011. Hukumar gabatar da ƙara ta gwamnati ta ce shaidar ba ta isa a tuhume shi ba. Sai a ƙarshen 2011 ta fito fili cewa ɗan kaɗan ne daga cikin takardun hukumar ta gani, an tura kayan Amurka. To yaya za a ce shaida ba ta isa ba alhali ba a buɗe buhun ba?

Gimbiyar_Zazzau:
Wannan magana ta Baban Ummi ita ce ta tara mutum sama da 140,000 suka sa hannu a takardar koke a 2011. Ba cewa suka yi a sake shi ba, cewa suka yi a gurfanar da shi a gida. Majalisa ta yi muhawara kan dokar miƙawa a Nuwamba da Disamba na shekarar. A 2012 wani ɗan kasuwa, Karl Watkin, ya yi ƙoƙarin shigar da ƙara da kansa a kan Babar Ahmad da Talha Ahsan don dole a yi shari'ar a Birtaniya. Laifin ta'addanci sai da amincewar babban daraktan gabatar da ƙara, a lokacin Keir Starmer ne, kuma bai amince ba.

Me ya sa wannan dabara take da ƙarfi? Domin doka ta ce in ana tuhumar mutum a cikin gida, a jingine maganar miƙawa har a gama. Haka aka yi da Abu Hamza: Amurka ta nema a 2004, aka dakata, aka yi masa shari'a a Landan, a Fabrairu 2006 aka ɗaure shi shekara 7. Da an tuhumi Babar a gida a kan abu guda, ko an ɗaure shi ko an wanke shi, shingen shari'a biyu a kan laifi ɗaya zai iya tare buƙatar Amurka.

Sarkin_Yaƙi:
Irin wannan sharaɗi yana cikin dokar Najeriya ma. A Agusta 2022 mai shari'a Inyang Ekwo na babbar kotun tarayya a Abuja ya kori buƙatar miƙa babban jami'in ɗan sanda Abba Kyari ga Amurka, domin yana fuskantar shari'a a gida wadda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta shigar.

Alƙalamin_Kano:
Haka ne, sai dai can laifin da ake yi masa shari'a a gida daban yake da wanda Amurka ke nema, saboda haka jinkiri ne kawai yake bayarwa. Abin da magoya bayan Babar suka nema shi ne shari'a a kan laifin kansa, wadda za ta rufe ƙofar baki ɗaya.

Bakatsine77:
Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gary McKinnon, ɗan Birtaniyan da Amurka ta nema a kan zargin kutsen kwamfuta. Kwana 11 bayan an tafi da su Babar, ranar 16 ga Oktoba 2012, sakatariyar cikin gida Theresa May ta hana a miƙa McKinnon saboda yana da lalurar Asperger kuma likitoci sun ce yana iya kashe kansa. Talha Ahsan ma an tabbatar yana da Asperger. Ɗaya ya kwana a gidansa, ɗaya ya kwana a ɗakin kaɗaici a Connecticut. In wannan ba bambancin addini da launi ba ne, mene ne?

Lauyan_Talaka:
Mutane da yawa sun faɗi haka a lokacin, kuma ba za a ce musu sun yi rashin hankali ba. Ga abin da masu kare hukuncin ke cewa: rahoton likitocin da ma'aikatar cikin gida ta naɗa a kan McKinnon ya nuna haɗarin kashe kai mai tsanani, kuma a kan wannan ta dogara, ba a kan sunan lalurar ba. Amma ka duba inda ni nake ganin bambancin ya fi girma. An kama McKinnon a 2002 bisa zargin kutse cikin kwamfutoci 97 na sojan Amurka da NASA. Shekara goma yana jayayya, amma a kan beli. Talha Ahsan tun Yuli 2006 yake tsare. Kalmar ta'addanci in ta hau takarda, beli ya kusa zama abin da ba ya samuwa. Sannan McKinnon yana da manyan jaridu da 'yan majalisa na jam'iyyu daban-daban a bayansa, David Cameron da Nick Clegg duk sun yi magana a kansa tun kafin su hau mulki. Hukuncin da ɗan siyasa zai yanke, ba ya rabuwa da wanda ke da masu ɗaga murya.

Abin lura, bayan wannan hukunci gwamnatin da kanta ta cire wa sakatare ikon duba ƙorafin haƙƙin ɗan'adam, dokar 2013 ta mayar da shi hannun babbar kotu.

Uwar_Marayu:
A dokar 2013 ɗin ne aka sa shingen nan na inda ya dace a yi shari'a, ko? Da yana nan tun 2004 da ya ceci Babar?

MaiNazari:
Eh Hajiya, sashe na 83A, ya fara aiki a Oktoba 2013. Tun 2006 majalisa ta rubuta wani makamancinsa amma ba a taɓa ba shi ranar fara aiki ba. Yadda yake: da farko sai an nuna cewa babban ɓangare na aikin a Birtaniya aka yi. Wannan Babar zai tsallake shi cikin sauƙi. Daga nan alƙali ya auna abu bakwai: inda ɓarnar ta fi aukuwa ko aka nufa ta auku, muradin waɗanda aka cuta, ra'ayin mai gabatar da ƙara na Birtaniya in ya ce nan ba wurin da ya dace ba ne, ko za a iya kawo shaidar Birtaniya, jinkirin da zai biyo baya, amfanin yi wa duk masu hannu shari'a wuri guda, da alaƙar mutumin da Birtaniya.

Inda yake yoyo: mai gabatar da ƙara yana iya ba da takardar shaida cewa ya duba ya yanke ba za a tuhumi mutumin a gida ba, kuma wannan takarda tana kashe shingen. Hukumar da ta ce shaidar Babar ba ta isa ba ita ce za ta ba da takardar. Don haka ba ni da tabbacin ya tsira. Shingen ya yi aiki ga Lauri Love, wanda Amurka ta nema a kan zargin kutsen kwamfuta, a Fabrairu 2018. Bai yi wa ɗan kasuwa Mike Lynch aiki ba, wanda aka miƙa a Mayu 2023 kuma kotu a San Francisco ta wanke shi a Yuni 2024.

Ɗan_Damagaram:
Faransa dai ba ta ba da ɗanta ga Amurka. Jamus ma tsarin mulkinta ya hana, sai dai ga ƙasashen Tarayyar Turai ko kotun ƙasa da ƙasa. In ana zarginsa, a kawo fayil su yi masa shari'a a gida. Me ya hana Ingila bin wannan?

Alƙalamin_Kano:
Tushen dokar ne ya bambanta. Faransa da Jamus kotunansu suna da hurumin hukunta ɗan ƙasa a kan laifin da ya yi ko'ina a duniya, saboda haka ƙin miƙa shi ba ya nufin ya sha. Ingila da Amurka a al'adarsu hurumi yana bin ƙasar da aka yi laifin, kuma shari'arsu tana son shaida ya tsaya da bakinsa a yi masa tambayoyi. Shi ya sa sashe na 3 na yarjejeniyar ya ce zama ɗan ƙasa ba hujjar ƙin miƙawa ba ne. Matsalar intanet ita ce ta rikita ma'anar "inda aka yi laifin". Saƙo ɗaya yana ratsa ƙasa biyar, kowacce tana iya cewa a gonarta aka yi.

Sarkin_Yaƙi:
Kuma kar a manta Amurka ma tana ƙi in ta ga dama. Ba'amurkiya Anne Sacoolas ta kaɗe wani matashi, Harry Dunn, da mota kusa da sansanin Croughton a Agusta 2019, ya mutu, ta bar ƙasar da hujjar kariyar diflomasiyya. Birtaniya ta nema, a Janairu 2020 Amurka ta ce a'a. Ta bidiyo ta amsa laifi a 2022, aka ba ta ɗaurin wata 8 na jeka-ka-gyara-halinka.

Mu ma mun san abin da ke faruwa in gwamnati ta ga hanyar takarda ta yi mata nisa. Yuli 1984 aka sace Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan, aka sa masa allurar barci aka cusa shi a akwati. Jami'an kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe domin ba a yi wa akwatin alamar jakar diflomasiyya yadda doka ta ce ba. Dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami na shekara biyu, Dikko kuma ba a taɓa miƙa shi ba.

Gimbiyar_Zazzau:
Da kyau ka kawo wannan, domin ana yawan cakuɗa abu uku a labarai. Miƙawa tana bin buƙatar wata ƙasa da kotu. Kora ita ce ƙasa ta fitar da baƙon da ba ta so, kamar malamin nan ɗan Jodan Abu Qatada, wanda Strasbourg ta hana a mayar Jodan a Janairu 2012 don tsoron a yi amfani da shaidar da aka samo ta azabtarwa, sai da aka ƙulla sabuwar yarjejeniya ya tafi a Yuli 2013, kotun Jodan kuma ta wanke shi a 2014. Ta uku ita ce sata, irin ta Dikko, wadda ba ta da gindi a doka. Babar ɗan ƙasa ne, ba a iya korarsa.

Baban_Ummi:
Mu koma kan Strasbourg. Me aka yi shekara biyar ana dubawa?

Lauyan_Talaka:
Abu biyu. Na farko alƙawuran Amurka. Tun shari'ar Soering ta 1989 ƙa'ida ta zauna cewa ƙasar Turai ba ta miƙa mutum inda akwai haɗari na gaske a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi. Tsoron farko shi ne a ayyana Babar a matsayin maƙiyi mai yaƙi a kai shi Guantanamo ko kotun soja. Ofishin jakadancin Amurka ya ba da takarda a 2005 cewa kotun farar hula ta tarayya za a kai shi, kuma ba hukuncin kisa. A 2010 Strasbourg ta ce ta gamsu da wannan.

Na biyu kurkukun ADX Florence da ke Colorado, inda fursuna ke yin kusan awa 23 a rana shi kaɗai, da kuma yiwuwar ɗaurin rai da rai ba sassauci. A 2012 kotun ta ce wannan bai kai keta sashe na 3 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai, mai hana azabtarwa da wulaƙanci, ba, ta dogara da cewa akwai talabijin da littattafai da waya, da tsarin sassautawa mataki-mataki. Rauni a nan shi ne da zarar jirgi ya tashi, babu kotun Turai da ke da iko a kan hukumar gidajen yarin Amurka. An ɗauka Abu Hamza, saboda rashin hannaye da sauran lalurorinsa, ba zai daɗe a ADX ba in ma an kai shi. An yanke masa rai da rai a Janairu 2015, a shekarar aka kai shi can ya zauna shekaru. Cikin masu ƙarar, Haroon Aswat ne kaɗai aka ware saboda ciwon taɓin hankali, a 2013 kotun ta hana, da aka kawo sabon alƙawari kan jinyarsa aka miƙa shi a Oktoba 2014.

Uwar_Marayu:
Amma dai a ƙarshe ya amsa laifi. Wannan bai nuna Amurka ta yi gaskiya ba?

MaiNazari:
Ya amsa a Disamba 2013 a kotun New Haven: haɗa baki da bayar da tallafi ga ta'addanci, musamman kiran da shafin ya yi na a taimaki Taliban. Ba za a share wannan ba. Amma a karanta hukuncin. Masu gabatar da ƙara sun nemi shekara 25. A Yuli 2014 alƙaliya Janet Hall ta ba shi shekara 12 da rabi, aka lissafa masa zaman da ya yi, ya koma Landan a Yuli 2015. Ta ce laifin mai nauyi ne domin Taliban na ba Usama bin Laden mafaka a lokacin, amma ba ta ga hujjar cewa yana goyon bayan Alƙa'ida ko ya shirya wani hari ba. Takardar motsin jiragen ruwan yaƙin Amurka da aka samu a faifai, wadda aka yi ta yayatawa, ba a nuna an yi wani abu da ita ba. Talha Ahsan kuwa aka ce zaman da ya riga ya yi ya isa.

Kuma a auna yanayin amsawar. Mutum ya yi shekara takwas a tsare, ya ƙara fiye da shekara a ɗakin kaɗaici, an ce masa in ya ja aka same shi da laifi yana iya mutuwa a kurkuku, in ya amsa yana iya ganin iyayensa. A kotunan tarayyar Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi ta hanyar amsawa ne. Julian Assange na WikiLeaks ma ta nan ya fita a Yuni 2024, bayan shekara biyar a Belmarsh.

Alƙalamin_Kano:
Ana iya juya wannan hujjar kuma. Alƙaliyar Amurka ce ta fara zama ta auna shaidar da gaske, kuma ta yi masa adalcin da masu cewa kada a kai shi suka ce ba zai samu ba. Cikin wata 21 da saukarsa an gama komai.

Baban_Ummi:
Shi ya sa nake cewa da an buɗe buhun a Landan a 2004, alƙalin Birtaniya zai iya yin wannan awon kafin 2006.

Bakatsine77:
Na janye rabin maganata, jinkirin ba na yarjejeniyar kaɗai ba ne. Amma Barista, tambaya ɗaya ta rage. Tunda sashe na 82 ya ce in lokaci ya ja miƙawa ta zama zalunci, me ya hana lauyoyinsa cewa shekara takwas ta isa?

Lauyan_Talaka:
Sashen yana duba lokacin da ya shuɗe tun daga ranar da aka ce an aikata laifin, da ko ya lalata damar kare kai, misali shaidu sun mutu ko takardu sun ɓata, ko rayuwar mutum ta canja har ɗauke shi ya zama cuta. Alƙalin farko ne ke yanke wannan, kuma a 2005 lokacin bai ja ba tukuna. Shekarun da suka biyo baya kuwa na ɗaukaka ƙararsa ne, kotuna ba sa ɗora wa ƙasar da ke nema alhakin jinkirin da ba ita ta jawo ba. Abin da ya samu kawai shi ne an cire masa kwanakin daga hukuncinsa a Connecticut. Da an wanke shi a can, babu sashen dokar 2003 da ya tanadi diyyar waɗannan shekaru, sai dai ya nema ta wata hanya kamar yadda Raissi ya yi, shi ma sai 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta buɗe masa ƙofar neman.